Hekta, ar, santilita da sauransu: tambayoyi da amsoshi kan awon fili da awon ruwa

Mutumin Sakkwato bai taɓa rasa ma'auni ba. Da taku da igiya ake auna gona, da mudu da tiya ake auna gero, da kwanon sarki ake auna yashi. Sai dai takardun da ke shigowa hannunmu a yau, ta safiyo da ta asibiti da wadda ke manne a jikin robar maganin feshi, da wasu 'yan haruffa suke magana: ha, a, ca, cl, dL, cc, m³. Wanda bai san su ba, a kansu zai yi asarar fili ko ya ƙone shukarsa. Ga tambayoyin da manoma da magina da masu cinikin fili suka fi yi a kansu.

Malam, wai daga ina waɗannan ma'aunai suka fito?

Daga Faransa. A shekarar 1795 gwamnatin ƙasar ta kafa dokar da ta tsayar da mita a matsayin ma'aunin tsawo, ta kuma fitar da sauran daga jikinta: ar don fili, lita don ruwa da hatsi, siter don itacen girki. A 1875 ƙasashe suka sa hannu a yarjejeniyar mita a birnin Paris, a 1960 kuma aka daidaita tsarin da duniya ke bi yanzu. Nijar ta gaji tsarin tun zamanin mulkin Faransa. Najeriya kuwa da ƙafa da yadi da galan na Ingila ta taso, sai a shekarun 1970 ta koma mita. Shi ya sa har yau muke tafiya da ma'auni biyu, takarda na cewa mita, baki na cewa ƙafa.

Abu ɗaya nake so a riƙe kafin a wuce. A tsawo, daga mataki zuwa mataki, kamar daga milimita zuwa santimita, ninki 10 ne. A fili ninki 100 ne, domin tsawo da faɗi duka suna ƙaruwa. A abin da ke da ciki, kamar tanki ko rami, ninki 1,000 ne, domin zurfi ma ya shigo. Kusan duk kuskuren da za mu tattauna a nan daga manta wannan yake tasowa.

Ina da takardar fili daga Birnin Ƙonni, an rubuta 1 ha 25 a 60 ca. Me ake nufi?

Birnin Ƙonni a Nijar yake, kuma masu harka ta Illela, garin da ke kan iyaka, suna yawan cin karo da wannan. Ha hekta ce, murabba'in mita 10,000. Harafin a shi ne ar, wato fili mai mita 10 tsawo, mita 10 faɗi, murabba'in mita 100. Ca kuma santiyar ne, murabba'in mita 1 tak. Ar 100 ke yin hekta, santiyar 100 ke yin ar.

Filinka ke nan 10,000 da 2,500 da 60, jimilla murabba'in mita 12,560. Akwai hanya mai sauƙi: jera lambobin kusa da juna, amma ka tabbata ar na da gida biyu, santiyar ma gida biyu. Inda ake faɗawa rami shi ne idan an rubuta 2 ha 5 a. Mutum sai ya ɗauka hekta biyu da rabi ce. A'a, 2 ha 05 a ne, murabba'in mita 20,500. Hekta biyu da rabi 2 ha 50 a ce, wato 25,000. Tsakaninsu 4,500, ya fi eka guda.

Ar bai mutu ba a wasu wuraren ma. A Rasha da shi ake cinikin filin lambu, suna kiransa sotka.

Dillali ya ce mini gonar ɗari-ɗari ce. Hekta ɗaya ke nan?

Alhaji, kada ka ba da ko sisi sai ka tambaye shi: ɗari na me? Idan mita 100 ce ta kowane gefe, to hekta ce cif. Idan ƙafa 100 ce, murabba'in mita 929 ne kawai, bai kai kashi ɗaya cikin goma na hekta ba. Ƙafa ɗaya ba ta kai sulusin mita ba, santimita 30.48 ce, kuma tunda fili ne, bambancin sai ya ninka kansa: hekta ta ɗauki fili mai ƙafa ɗari-ɗari sau 10 har da saura.

Ba kullum ne mugunta ke jawo wannan ba. A cikin gari da ƙafa aka saba, a ma'aikatar gona da mita ake magana, sai mai saye da mai sayarwa su yi musafaha kowa da abin da ke ransa. Rigimar ba ta tashi sai ranar da aka zo kafa turaku. Ni a ganina duk takardar cinikin fili, ko da ta gaban mai unguwa ce da shaidu biyu, ya kamata a rubuta abu uku a cikinta: tsawon kowane gefe, da wane ma'auni aka auna, da jimillar murabba'in mita. Layi ɗaya ne, amma yana raba zuri'a biyu da zaryar kotu.

Wanda ke son ya ga hekta da idonsa ya tuna filin ƙwallo na manyan wasanni, mita 105 da mita 68. Murabba'in mita 7,140 ke nan. Hekta ta kusa kai irinsa ɗaya da rabi.

Eka da kadada da hekta duk ɗaya ne?

Eka ta Ingila murabba'in mita 4,047 ce, don haka hekta ɗaya ta kusa eka biyu da rabi, 2.47. Kadada kuwa wani na faɗinta yana nufin eka, wani yana nufin hekta, har a labaran rediyo. Idan maganar bashin noma ce ko rabon taki, kada ka amsa sai an faɗa maka adadin da murabba'in mita. Wanda ya yi karatu a Sudan ko Masar zai ƙara maka da faddan, shi kuma kusan 4,200 ne, ya ɗara eka kaɗan.

Dokar mallakar ƙasa ta Najeriya ta 1978 da hekta ta yi magana. Ta ba ƙaramar hukuma ikon ba da fili har hekta 500 don noma, da 5,000 don kiwo. Abin da ya wuce haka sai da amincewar gwamna.

Fegi nawa ke cikin hekta?

Fegin da aka fi sani, ƙafa 50 da ƙafa 100, murabba'in mita 464.5 ne. A lissafin takarda hekta za ta ba da 21 da rabi, eka kuma 8 da 'yan kai. A ƙasa ba za ka samu haka ba, domin tituna da lunguna da magudanar ruwa za su ci nasu.

Ka kuma lura da masu cewa mita 15 da mita 30 daidai yake da hamsin da ɗari. Wancan 450 ne. An rage maka 14.5, wurin da zai ɗauki ɗaki mai ƙafa sha biyu-sha biyu har da ragowa. Haka nan idan za a raba fili mai ɗari-ɗari gida biyu, rabinsa hamsin da ɗari ne. Hamsin-hamsin rubu'i ne.

Na ji ana cewa dekar. Yana da wani amfani gare mu?

Dekar ar 10 ne, murabba'in mita 1,000, kashi ɗaya cikin goma na hekta. Da shi manoman Norway da Bulgeriya ke lissafi. A Turkiyya ana ce masa donum, a Jodan da Falasɗinu dunam, a Girka sitiremma, duk girmansu ɗaya a yau. Dunam na Iraƙi ne ya fita daban, shi 2,500 ne.

Da ni za a bi, da malaman gona sun koya wa masu noman fadama wannan ma'auni. Je ka Kwalkwalawa ko Wurno ko Kware lokacin rani ka duba lambunan albasa da tumatir da tattasai. Da yawansu ba su kai hekta ba, amma duk umarnin da ke jikin maganin feshi da buhun taki da hekta aka rubuta shi. Manomi ya karanta lita kaza a hekta, ya dubi ɗan lambunsa, sai ya koma ƙiyasi da murfin roba ko gwangwanin madara.

Ga yadda dekar ke sauƙaƙa abin. A ce takardar maganin ta ce lita 4 a hekta, a cikin ruwa lita 200. Raba komai da 10. Dekar ɗaya na bukatar mililita 400 a ruwa lita 20, wato cikin injin goyo ɗaya idan mai lita 20 ne. Lambu mai mita 40 da mita 50 dekar 2 ne: goyo biyu, mililita 800. Wanda ya ɗauki eka a matsayin hekta ya juye lita 4 gaba ɗaya, ya zuba ninki biyu da rabi na abin da ya dace. Kuɗi sun tafi, shuka ta ƙone, ragowar kuma ta gangara ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Lambobin nan misali ne, kowane magani da nasa adadin a jikinsa.

Za mu raba gadon gona. Da wane ma'auni ya fi sauƙi?

Da murabba'in mita, domin lambar na da girma, tana rabuwa ba tare da gutsure-gutsure ba. A ce mamaci ya bar gona hekta 2.4, da mata ɗaya, 'ya'ya maza 2, mata 3, iyayensa kuma sun riga shi. Gonar 24,000 ce. Tumunin matar 3,000. Saura 21,000 a kasa 7, kowane kashi 3,000: namiji 6,000, mace 3,000.

Wannan lissafin faɗi ne kawai. Gefen da ke kusa da ruwa ko bakin hanya ba darajarsa ɗaya da tudu mai tsakuwa ba, shi ya sa malamai da alƙalai kan sa a yi wa gonar kuɗi tukuna. Awon na taimaka musu ne, hukuncin nasu ne.

Mene ne cl da ke jikin kwalbar lemo da ledar ruwa?

Santilita ce, kashi ɗaya cikin 100 na lita, mililita 10. Ledar ruwa mai 50cl rabin lita ce. Kwalba mai 35cl mililita 350 ce, babbar robar ruwa mai 150cl lita ɗaya da rabi. Ƙara sifili ɗaya, ka samu mililita.

Inna, wannan ya shafe ki idan yaro na gudawa aka ba ki garin haɗin ruwan gishiri da sukari. Duba jikin ƙunshin. Idan na lita ɗaya ne, ledar ruwa 2 masu 50cl za ki juye, ba ɗaya ba. Idan ruwan ya yi kaɗan gishirin zai yi wa yaron yawa.

Cc na allura da cc na babur, abu ɗaya ne?

Ɗaya ne. Cc shi ne cikin ɗan akwati mai santimita 1 ta kowane gefe, kuma daidai yake da mililita 1. Sirinji mai 5cc mililita 5 yake ɗauka, adadin ƙaramin cokalin maganin yara. Ɗan kabu-kabu da ke cewa babur ɗinsa 100cc ne, yana maganar cikin silindar da fistin ke kaiwa da komowa, kashi ɗaya cikin goma na lita. Mota mai injin 1.8 kuma 1,800cc ce.

A takardar gwajin jini na ga mg/dL da g/dL. Wane ne dL?

Desilita, kashi ɗaya cikin 10 na lita, mililita 100. A Suwidin da ita mata ke auna gari da madara a kicin, mu kuwa a asibiti kawai muke haɗuwa da ita. Idan aka rubuta sukarin jininka 95 mg/dL, ana nufin miligiram 95 na sukari a kowace mililita 100 ta jini. Wanda ya kwana bai ci komai ba aka samu 126 ko fiye, kuma aka maimaita gwajin ya tabbata, likitoci na ɗaukarsa mai ciwon sukari. Mai juna biyu kuma idan sinadarin jan jininta ya gaza 11 g/dL, ana cewa jininta ya yi ƙasa.

Baba, a nan akwai abin kiyayewa. Wasu na'urorin gwajin sukari na gida da mmol/L suke ba da sakamako, wasu da mg/dL. Lamba 7 a ta farko ita ce 126 a ta biyu, ana ninkawa da 18. Dattijon da ya saba ganin 110 idan aka kawo masa sabuwar na'ura ta nuna 6, zai iya tsorata ya ce sukarinsa ya faɗi ya hau shan zaƙi, alhali lafiyarsa lau. Kullum a karanta 'yan haruffan da ke gefen lambar, kuma a faɗa wa likita su tare da ita.

Zan gina tankin ruwa a ƙasa. Yaya zan san abin da zai ɗauka?

Auna tsawo da faɗi da zurfi na ciki da mita, ka ninka su. Abin da ya fito kubik mita ne, m³, kuma kowane ɗaya lita 1,000 ne, duro 5 masu lita 200, ko jarka 40 masu lita 25. Wasu na kiransa kilolita. Tanki mai mita 2 da 2 da zurfin 1.5 zai ɗauki kubik mita 6, lita 6,000. Gidan mutum 10 da kowa ke amfani da lita 50 a yini, zai kai su kwana 12. Nauyin ruwan kuwa tan 6 ne, tunda lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, don haka mai son ɗora tanki a sama ya yi wa ƙarfen da ginshiƙan lissafi.

Idan ka ce wa magini ya ninka tankin ta kowane gefe, ba ninki biyu za ka samu ba, ninki 8 ne, haƙa da kwashe ƙasa ma haka.

Kankare ma da kubik mita ake lissafa shi. Buhun siminti mai kilo 50, irin wanda ake ɗaukowa daga Kalambaina, kusan lita 35 ne, kwanon sarki biyu. A haɗin 1:2:4, wato siminti kashi 1, yashi 2, tsakuwa 4, kubik mita ɗaya na kankare na cin buhu 6 ko ɗan fiye. Rufin kankare (dakin) da ke da murabba'in mita 100 da kaurin santimita 15 kubik mita 15 ne, ka tanadi buhu 90 zuwa sama. Mai tifa kuma ka tambaye shi kubik nawa bodin motarsa ke ɗauka, ko ka sa tef ka auna da kanka, domin tifa suna ce kawai, girmansu ba ɗaya ba.

Da me ake auna ruwan dam?

Da miliyoyin kubik mita. Injiniyoyi na rubuta shi hm³, wato akwatin ruwa mai mita 100 ta kowane gefe, lita biliyan ɗaya. Dam ɗin Goronyo da ke kan gulbin Rima, wanda aka gama gininsa a 1984, an tsara shi ya riƙe sama da miliyan 900. Na Bakolori a kan gulbin Sakkwato, wanda aka kammala a 1978 kuma yake cikin Zamfara tun da aka yanke jihar a 1996, miliyan 450 ne. Wanda ya ga ambaliyar Satumbar 2010, lokacin da ruwa ya yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ya san waɗannan lambobi ba na takarda ba ne kawai.

Ga inda awon fili da awon ruwa ke haɗuwa, kuma shi ne lissafin da na fi so manomi ya iya. Ruwan sama milimita 1 a kan murabba'in mita 1 lita 1 ne. A kan hekta kubik mita 10 ne. Damina mai milimita 600, kwatankwacin abin da Sakkwato ke samu a shekara, ta zuba wa kowace hekta kubik mita 6,000 ke nan. Shinkafar rani a zafin nan namu kan sha 10,000 ko fiye a hekta, don haka miliyan ɗaya na ruwan dam bai wuce ya shayar da hekta 100 ba, kafin ma a cire wanda rana ke ɗauka da wanda ke tsiyaya a hanya. A gida kuma, rufin kwano mai murabba'in mita 100 idan aka yi ruwa na milimita 20, lita 2,000 ce ke zuba ta indararo, duro 10.

Siter fa?

Tulin itace ne da aka jera, mita 1 tsawo, mita 1 faɗi, mita 1 bisa. A Nijar da shi ake sayar da itace a kasuwannin ƙauye da hukumar gandun daji ta tsara. Tunda akwai iska tsakanin itatuwan, ainihin itacen ciki bai kai kubik mita ba, kusan kashi biyu cikin uku ne, kuma karkatattun rassa sun fi barin sarari.

Mai gyaran wuta ya ce in sayo waya 2.5. Kaurinta ke nan?

Ba kaurinta ba ne, faɗin bakin tagullar ne idan an yanke ta, da murabba'in milimita. An saba sa 1.5 a layin ƙwai, 2.5 a soket, 4 zuwa sama a na'urar sanyaya ɗaki da hita. Wayar da aka rage wa tagulla aka ƙara mata roba tana zafi idan kaya sun yi mata yawa, daga nan gobara ke tashi. Kada ka yarda da kaurin robar, sa a fere bakin ka gani.

Masu harkar fata ma suna da irin nasu. Fatar jan akuyar Sakkwato, wadda ta yi suna a Turai tun lokacin da ayari ke ƙetara Sahara da ita, idan an jeme ta da faɗi ake sayar da ita. Wasu masu saye na lissafi da murabba'in ƙafa, wasu a Turai da murabba'in desimita, wato santimita 10 da 10. Murabba'in ƙafa ɗaya desimita 9.29 ne. Fata mai ƙafa 5 ta kai desimita 46 da ɗoriya.

Akwai ɗan'uwan mudu a cikin waɗannan?

Lita ce, domin mudu da tiya ciki suke aunawa, ba nauyi ba. Babbar yayarta hektolita, lita 100. Manyan masu sayen alkama a duniya kan cika hektolita su ɗora a sikeli: alkama mai kyau na kai kilo 76 ko fiye, wadda ta gaza sosai ƙwayarta ba ta cika ba. Mai awo a kasuwa da ke ɗaga tiya ya ce geron nan na da nauyi, gwajin da yake yi ke nan da hannunsa. Matsalar tiya ita ce ta wannan kasuwa ba lallai ta yi daidai da ta waccan ba, ga tozo, ga bugun gindin kwano. Mai saye da yawa ya zuba ruwa a kwanon ya ga lita nawa yake ci.

Galan ma haka: na Ingila lita 4.5 ne, na Amurka 3.8, gangar ɗanyen mai kuma lita 159.

Gonata ba ta da kusurwa huɗu daidai. Yaya zan auna ta?

Abin da aka saba shi ne a haɗa gefe biyu masu fuskantar juna a raba biyu, a yi wa sauran biyun haka, sannan a ninka. Wannan hanya na ba da daidai ne kawai idan kusurwoyin a miƙe suke. In gonar ta karkace, kullum ƙari take yi, ba ta taɓa ragewa. Gona mai mita 100 ta kowane gefe, idan ta karkace har kusurwarta ta koma digiri 60, murabba'in mita 8,660 ce, amma wancan lissafin zai ce maka hekta ce. Mai saye ne ke biyan kuɗin 1,340 da babu su.

Hanyar da ta fi ita ce ka ja igiya daga kusurwa zuwa kishiyarta, gonar ta rabu gida biyu masu kusurwa uku-uku. Auna tsawon igiyar. Daga kowace kusurwar da ta rage, auna tazara mafi gajarta zuwa igiyar. Ninka tsawon igiyar da wannan tazara ka raba biyu, ka yi wa ɗaya ɓangaren haka, ka haɗa. Gona mai gefe biyar ko shida sai ka ƙara yawan igiyoyin. Don tabbatar da kusurwa ta miƙe, yi yadda magina ke yi: mita 3 a gefe ɗaya, mita 4 a ɗayan, tsakanin bakinsu ya zama mita 5 cif.

Manhajar awo ta wayar hannu na da amfani a babbar gona, ka zagaya iyaka ta ba ka hekta, ya isa lissafin taki da iri. Amma takan kauce da 'yan mitoci, kuma a fegi mai faɗin mita 15 kaucewar mita 3 babbar ɓarna ce. Don ciniki ko neman takardar mallaka, a kira safiyo mai rajista, a kira maƙwabtan gona ta kowane gefe su tsaya a kan iyakarsu ranar da za a kafa duwatsun.